Tukunya ɗaya ce a gidana, yaya kowa zai samu abin da jikinsa ke buƙata?

"Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne, ɗan kasuwa, mu takwas ne a gida. Uwargida tana goyon yaro ɗan wata takwas, amarya tana da cikin wata biyar, akwai 'yata mai shekara 14 da ƙannenta maza biyu 'yan firamare, sai mahaifiyata da ta haura shekara 70 tana fama da hawan jini. Kullum a rediyo ana cewa kowane mataki na rayuwa da irin abincinsa. To ni tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidana, kuma kin san yadda kayan abinci suka yi tsada. Shin da gaske sai an yi wa kowa girkinsa daban? In ba haka ba, me zan gyara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauki amarya lafiya, ya raya yara, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. In na fahimce ka da kyau, tambayarka kashi biyu ce: shin bambancin shekaru yana nufin bambancin girki, sannan da kuɗin cefanen da ke hannunka me za a iya canzawa. Amsar ta farko ita ce a'a. A cikinku ku takwas, mutum ɗaya ne kawai yake buƙatar a ɗora masa 'yar tukunyarsa daban, shi ne ɗan wata takwas ɗin nan. Sauran duk tukunyar gida ta ishe su, muddin an gyara abin da ake zubawa a cikinta, kuma an gyara yadda ake rabo in an sauke. Maganar rabon nan ita na fi so ka riƙe, domin a aikinmu na kula da abincin mata da yara mun fi ganin matsala a wurin rabo fiye da wurin girki.

Abinci aiki uku yake yi a jiki. Akwai mai ba da ƙarfi, wato hatsi irin su gero, dawa, masara da shinkafa, da doya, rogo, dankali da mai. Akwai mai gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Akwai kuma mai kare jiki daga cuta, wato ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu ɗauke da bitamin da sauran sinadarai. Cimarmu ta Hausawa ta fi karkata ga na farko, tuwo ya cika kwano, miya 'yar kaɗan a gefe. Babban namiji da ya gama girma zai iya daɗewa a kan haka ba a ga alama ba. Wanda jikinsa ke kan ginuwa kuwa, ko wadda wani jikin ke ginuwa a cikinta, ko mai shayarwa, ba su da wannan sararin. To amma dubi yadda rabo yake tafiya a yawancin gidajenmu: tsokar nama da kan kifi suna tafiya kwanon maigida, yara su taru a kwano ɗaya babba ya rigayi ƙarami, mai girkin kuma ta ci abin da ya rage a gindin tukunya. Wato waɗanda suka fi buƙata su ne suke samun mafi ƙanƙanta.

Sakamakon yana nan a rubuce. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma samu ƙarancin jini a jikin kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa da kashi 68 na ƙananan yara. Wannan fa har a Arewa, yankin da ake noma gero da wake da gyaɗa da riɗi ana lodinsu a mota zuwa Kudu.

Ɗan wata takwas

Daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kimanin kwana 1,000 ke nan, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi suke girma da saurin da ba za su sake yin irinsa ba. Tsumburewar da ta samu yaro a wannan tsakanin tana da wuyar gyaruwa daga baya, ko da abinci ya wadata. Shi ya sa na fara da shi.

Har zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ya ishi yaro. Bayan nan nono yana nan da amfaninsa, amma ya daina isa shi kaɗai, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, domin ajiyar da aka haife shi da ita ta fara ƙarewa. Sai a ƙara masa abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara kuma addininmu ya riga ya ambata. Inda ake samun tangarɗa shi ne irin abincin da ake ƙarawa. Kusan duk uwar da ta kawo mana yaro ya rame, in muka tambaye ta abin da yake ci, sai ta ce yana shan kunu sosai. Gaskiya take faɗa. Amma cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ya ɗauki kofin shayi ɗaya a zama guda ba. In aka cika wannan ɗan wurin da koko tsararo, an cika shi da ruwa ne da ɗan gasara. Yaron zai ƙoshi ya yi barci, uwa ta samu kwanciyar hankali, jiki kuwa bai samu abin gini ba.

Gyaran farko shi ne kauri. A dama kunun ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. Gyara na biyu shi ne haɗi. Garin da ma'aikatan lafiya suke kira Tom Brown kowace mace za ta iya yin sa a gida: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a surfe waken suyan a fece ɓawonsa, sannan a haɗa a kai niƙa. In za a dama, a zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. A ranar da aka samu, a ƙara garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka, ko dafaffen ƙwai da aka murje, ko garin zogale kaɗan. Daga tukunyar gida ma yana da rabo: a ɗebi wake da ya dahu luguf, kabewa, dankalin Hausa, alayyahu, kafin a zuba yaji da dunƙule, a dame masa. Gwanda, ayaba da mangwaro nunanne duk yana iya ci in an murje su.

Yawan ci kuma: a wata shida zuwa takwas sau biyu zuwa uku a rana, daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin ta haka ne za a san abin da ya ci. A zauna da shi a ba shi da haƙuri. Ina roƙon a bar ɗura, wato a toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu, saboda kunun yana iya faɗawa hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu, wani lokaci ma a rasa yaron.

Ƙwai na so in ɗan tsaya a kansa. Har yanzu ina haɗuwa da kakanni masu cewa in yaro ya saba da ƙwai zai tashi da sata ko kwaɗayi. Ba na raina su, don sun faɗi abin da suka gada ne, amma maganar ba ta da tushe, kuma tana hana yara abinci mai gina jiki mafi sauƙin samu da sauƙin dafawa. Abin da ya kamata a hana yaron da bai shekara ba shi ne zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jijiyoyin jariri, sai shayi, lemon kwalba, da gyaɗa guda-guda wadda za ta iya shaƙe shi. Madarar shayi ta leda ko ta gwangwani kuma ba ta maye gurbin nonon uwa.

In lokacin yaye ya zo, a yi shi sannu a hankali. Yayen rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci a kai yaro gidan kaka, shi ne mafarin tamowar yara da yawa da muke gani, don yaron ya rasa nono da uwa a lokaci guda sai ya ƙi cin abinci. A riƙa kai shi awo. Akwai ɗan tef da ake auna damtsen yaro da shi: ƙasa da santimita 12.5 alama ce ta rama, ƙasa da 11.5 kuwa, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar asibiti a ranar. A kuma karɓi ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata shida daga ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya yi gudawa kada a dakatar da nono ko abinci, a ba shi ruwan gishiri da suga na leda da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14.

Uwargida da amarya

Mai shayarwa ta fi kowa a gidanka buƙatar ƙarin abinci, har ta fi mai cikin. Tana buƙatar ƙarin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 500 a rana, mai ciki kuma kimanin 340 a watanni ukun tsakiya, 450 a ukun ƙarshe. A aikace wannan yana nufin ƙarin ci ɗaya mai kyau a rana ga amarya, kamar fura da nono, ɗan wake, alale ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, uwargida kuma ƙarin ci ɗaya ko biyu, da ruwa duk lokacin da ta zauna shayarwa. Jikin mace yana fifita nono a kan kanta, ma'ana yaron zai ci gaba da samun nono ita kuwa tana zubewa a hankali. Don haka ƙibar jariri ba ta nuna cewa uwarsa tana ƙoshi.

Amarya kuwa, abinci kaɗai da wuya ya biya mata buƙatar jini. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da wani bitamin da ake kira folik asid, a sha kullum har a haihu. Mata da yawa suna ajiye ta saboda tashin zuciya, ko baƙin bayan gida, ko tsoron kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Baƙin bayan gidan ba matsala ba ne, tashin zuciyar kuma yana raguwa in an sha da daddare bayan abinci. Tsoron girman ɗa shi ya fi damuna, domin har abinci wasu suke ragewa saboda shi. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kai ta ga halaka. Ka tambaye ta da kanka, cikin lallashi, ko tana shan maganin. Ta kwana a gidan sauro, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki a wurin awo, don zazzaɓin nan yana cinye jini fiye da yadda abinci zai mayar. Nonon shanu a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi shi. Hanta tana ƙara jini sosai, amma mai ciki ta ci kaɗan jefi-jefi, saboda bitamin A ɗinta yana da yawan da zai iya cutar da ɗan tayi.

In ta haihu, a sa mata jariri a nono cikin awa ɗaya, kuma kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko na yaro. Kada a ba shi ruwa kafin wata shida ko da a tsakiyar bazara ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Sai maganar kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa tana da sinadarin da ke cikin gishiri da yawa, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. A yi mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a yi mata farfesu, a bar kanwar. Tun da Hajiya tana gidan, kai ne za ka fara zama da ita ku fahimci juna a kan wannan tun kafin haihuwar.

'Yar shekara 14 da ƙannenta

Budurwar nan ita ce aka fi mantawa da ita a lissafi, don ana ganin ta girma, ita ma take taya girki. Alhali bayan shekaru biyun farko, babu lokacin da jiki ke girma da sauri kamar na balaga, ƙashi yana tara kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa shi, wanda za ta rayu da shi har tsufa, ga jinin al'ada yana fita duk wata. Tana buƙatar wake, ganye, kifi ko nama gwargwadon samu, da nono ko awara saboda ƙashi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye jiki bai cika ɗaukarsa da sauƙi ba, amma abu mai bitamin C yana taimaka masa: lemon tsami a kan kwaɗo, ɗanyen tumatir, gwaiba, ko garin kwalba na 'ya'yan kuka a cikin nono. Shayi kuwa hana shi shiga yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya. Wannan ya shafi amarya ma. In yarinyar tana yawan gajiya, jiri, ko cikin idonta ya yi fari, a auna jininta. Ka kuma sa uwarta ta lura da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe masu yawo a hannun 'yan mata. Kumburi suke sawa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Yaran maza nasu mai sauƙi ne. Kada su fita makaranta ba karin kumallo, ko ɗumame ne ko koko da ƙosai. Kuɗin tara ya tafi a gyaɗa, awara ko dafaffen ƙwai maimakon alewa da lemon leda, a kuma ba su maganin tsutsar ciki lokaci-lokaci yadda asibiti ta tsara.

Kai kanka, Malam, tun da zaman kasuwa kake yi, abin lura shi ne suga. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da ƙaramin cokali takwas zuwa tara, alhali iyakar da aka shata wa babba a yini kusan cokali 12 ce, rabin haka ma ya fi. Tun da mahaifiyarka tana da hawan jini, ka riƙa auna naka.

Hajiya

Tsufa yana rage yawan abincin da jiki ke ƙonawa, amma ba ya rage buƙatar mai gina jiki, ƙaruwa ma take yi, domin tsoka tana zaizayewa da shekaru, kuma raunin tsoka shi ke kawo faɗuwa da karaya. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai nauyin kilo 55 wannan ya kama giram 55 zuwa 66, ƙwai ɗaya kuma kusan giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 15. Ka ga ke nan tsohuwar da ta koma kunu safe da yamma saboda haƙora ba ta kusa da abin da take buƙata. Abin da zai yi mata shi ne mai laushi mai gina jiki: alale, faten wake, kindirmo, ƙwai, kifi, naman da aka dafa ya yi laushi aka daka, da kunun garin nan na jikanta. Ƙishirwa ma tana raguwa da tsufa, sai a riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta nema ba, musamman lokacin zafi. A riƙa zama ana ci tare da ita, don na lura tsofaffin da ake kai wa kwano ɗaki su kaɗai sukan mayar da shi kusan yadda aka kai.

Game da hawan jinin, iyakar gishiri ga babba ƙasa da giram 5 ce a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule, burodi, taliyar yara da kanwar da ake jefawa a wake ko miya. Dunƙule yawancinsa gishiri ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebi miyarta kafin a zuba, amma wadda ta fi ita ce a rage wa gidan gaba ɗaya kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. Goro ma ta rage. Iyakata a nan ita ce, tsarin abincin mai hawan jini yana canzawa in ƙoda ta taɓu ko akwai ciwon suga, kuma wannan sai da gwajin jini da fitsari. In ƙodar ta samu rauni, maganar ƙarin furotin da na yi ba ta hau kanta ba sai yadda likitanta ya tsara. Haka batun azumi da lokutan shan maganinta, shi za a tambaya kafin watan ya kama. Gyaran abinci kuma ba ya sa a ajiye maganin hawan jini.

Maganar kuɗi

Yawancin abin da na lissafa ba ƙarin kuɗi yake nema ba, sauya wurin da kuɗin ke tafiya ne. Ka zauna da matanka ku lissafa abin da ke tafiya a lemon kwalba, taliyar yara, biskit, madarar shayi da dunƙule a mako, ku mayar da rabinsa ga wake, waken suya, ƙwai da busasshen kifi. A wajen gina jiki, mudun waken suya ya fi naman da kuɗinsa zai saya nesa ba kusa ba, kuma ana yin awara da madara da garin kunu da shi. In naman ya samu kaɗan ne, a yanka shi ƙanana ko a daka a cikin miya, yadda zai shiga kowane kwano, kuma ka ce da bakinka a fara zuba wa mai ciki da mai goyo da yara, don in ba kai ka faɗa ba babu matar da za ta rage kwanon maigida. Ka sayi wake da gyaɗa da gero da kaka lokacin da suke araha. Rama, yakuwa, zogale da kuɓewa a shanya su a inuwa lokacin damina, don rana tana kashe wani ɓangare na bitamin ɗinsu. Gishiri a sayi mai sinadarin aidin a rufe shi a mazubi. Gyaɗa da masarar da za a yi wa yaro gari kuma a tsince su da kyau, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, domin gubar fumfunar tana lahanta hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta.